Juma'a Uku Aka Ba Mu

Ni ce 'yar farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Kano a zamaninmu ya san abin da wannan yake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni a gaban mutane ba, kai ko a bayan idon mutanen ma. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, a can na girma, a can aka yi mini aure. In an tambayi Inna 'ya'yanta nawa, sai ta ambaci ƙanena da biyun da suka mutu suna ƙanana, ni kuwa ta tsallake ni. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, kuma yaba mata ake yi a kai. Ni kaina har daɗi nake ji in na ji mata suna cewa uwata mace ce ta gaske, ba irin na yanzu ba masu rungumar ɗan fari a tsakar gida.

A Wudil aka kawo ni aure, gidanmu ba nisa da kogi. Mijina ɗinkin manyan riguna yake yi, ni kuma ina matsar man gyaɗa ina soya ƙuli-ƙuli. Ban ɓoye muku ba, ina da baki. Duk unguwar an shaide ni. Wanda ya kawo mini gyaɗa da tsakuwa a ciki, sai ya gwammace kiɗa da karatu. Maƙwabciyar da akuyarta ta ci mini tunkuza ta ji tarihin kakanninta ta kan katanga. Amma da zarar na ji sallamar Inna a zaure, sai bakin nan ya mutu murus, in durƙusa, in ce, "Inna, kun zo lafiya?" ina kallon ƙasa.

Tun da mahaifinmu ya rasu take zaune a Achika wurin ƙanena da matarsa. Daddawa take yi. Kowace Juma'a takan biyo 'yan ƙauyensu a ƙafa ta kawo kasuwar Wudil, in rana ta karya ta biyo ta gidana ta sha ruwa ta yi la'asar, sannan ta kama hanya. A shekarar da nake ba da labari, cikin shekarun nan na kafin mulkin kai da azumi yake faɗowa a tsakiyar bazara, ina da goyon 'ya mace. Wannan jaririyar ita ce bakinmu. Inna ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta ce, "Ƙawata, ki ce wa mutanen gidan nan ƙulinsu na makon jiya ya yi gishiri." Ni kuma in dubi yarinyar in ce, "Ki ce mata an ji, za a rage." Yarinya tana ta tsotsar yatsa, ba ta san an aike ta ba. Haka muke hira, wani lokacin har mu yi dariya, kowaccenmu tana kallon wani wuri.

Wata Juma'a, wajen kakar gyaɗa, Inna ta tashi daga tabarmar da na shimfiɗa mata, sai na ga ta yi sauri ta naɗe ta. Ta ce wa yarinyar, "Ki ce musu tabarmar nan ta yi mini, zan tafi da ita." Sabuwar tabarma ce. Kafin ta gama naɗewa idona ya riga ya gani: jini ne, kamar faɗin tafin hannu. Inna kuwa ta daina al'ada tun shekarun baya.

Na ce, "Ki ce mata ta ɗauka."

Abin da na faɗa ke nan, ni mai bakin unguwa. Daga ranar na lura ta daina cewa a ba ta buta. Takan ce ta yi sallarta a kasuwa, na kuwa san ba haka ba ne. Tana ganin al'ada ce ta dawo mata, shi ya sa ta ajiye salla, kuma ba ta tambayi kowa ba. To wa za ta tambaya? Ɗanta namiji? Matar ɗanta, wadda ko abinci ba sa ci a gaban juna? Aminiyarta ɗaya tilo ta rasu da daɗewa. Saura ni, ni kuwa na fi kowa nisa. Kafin zafi ya shigo tabarma uku ta raba ni da su, kowace da irin yabon da take yi mata. Ni kuma sai in aika mata da jiƙo da rubutu a ce na ƙarin jini ne, ba tare da na ce ga dalili ba.

A bazara ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa, kusa da tasar daddawarta. Mata suka kinkimo ta zuwa gidana, an lulluɓa mata zane biyu don kada maza su gani. Malamin ɗakin shan magani na garinmu ya zo ya ja fatar idonta ya duba, ya girgiza kai, ya rubuta takarda ya ce wannan sai birni. Aka kira ƙanena. Mijina, Allah Ya jiƙansa, bai yi mini gardama ba, ya ce in bi ta. Washegari muka hau babbar motar da ta kwaso buhuna, ni da Inna da goyona, ƙanena yana can sama kan kaya.

A asibitin birni akwai wata nas, gajeriya, mai jiki, da Hausarta ta cikin gari tas. Na gan ta na san na haɗu da wadda ta fi ni baki. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Iya, yaushe jinin nan ya fara?"

Inna ta kau da kai.

"Kullum yake zuwa ko yana ɗaukewa? Akwai wari?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Nas ta dube ta, ta dube ni ina tsugune ina kallon yatsun ƙafata, ta yi tsaki ta ce, "'Yar fari ce, ko? Na sani. Ke, tashi ki ba mu wuri. Iya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na fita na zauna a baranda. Abin da Inna ta gaya wa baƙuwa a cikin ɗan lokacin nan ya fi duk abin da ta gaya mini tun da ta haife ni.

Likitan Bature ne, dattijo. Inna ta ce a kashe ta ya fi mata sauƙi da namiji ya duba ta, aka yi ta lallashi, daga ƙarshe aka shaƙa mata maganin barci aka shiga da ita. Da aka fito da ita tana barci, nas ɗin ta yafito ni. Ƙanena ya riga ya koma ƙauye tun ranar da ya kawo mu, don haka ni kaɗai ce. Ta kai ni gindin wata bishiya a bayan ɗakin mata, ta ce in zauna.

Ta ce, "Likita yana zaton ciwon daji ne a mahaifa. Ba a gaya wa mara lafiya wannan suna, 'yan'uwa ake gaya wa, ga ki kuwa. Ki buɗe kunne. Abu biyu yake so ya sani, kada ki haɗa su. Na farko, ina ciwon ya kai. Na biyu, wane irin hali gare shi."

Ta dunƙule hannu ta ɗaga a gabana. "Wannan ce mahaifa. In ciwon yana cikin nan bai fita ba, shi ne mataki na ɗaya. In ya gangaro nan," ta taɓa wuyan hannunta, "bakin mahaifa ke nan, ya zama na biyu. A waɗannan biyun likita yana iya yin aiki ya cire mahaifar ɗungurungum da ciwon a ciki, mace ta tashi ta ci gaba da harkarta. In ya ɓulla waje ya kama abin da ke kewaye da ita a cikin mara, na uku ke nan. In ya shiga mafitsara ko hanji, ko ya yi tafiya mai nisa ya sauka a hanta ko huhu, na huɗu. Daga na uku wuƙa ba ta iya bin sa, mu kuma a nan wuƙa kaɗai gare mu."

Na ce, "Na Inna fa?"

"Ya lalube ta da hannu tana barci. Mahaifar tana motsi, ba ta manne da komai ba. Yana ganin ciwon yana ciki tukuna."

Na yi alhamdu lillahi da ƙarfi har yarinyar ta farka a bayana. Zan faɗi gaskiya, daga nan rabin kunnena ya rufe. Na ji abin da nake so in ji. Nas ta lura, ta kama hannuna ta girgiza.

"Ke, ban gama ba. An kankaro 'yar tsoka daga ciki an sa a kwalba, za a aika kudu. Can akwai mai duba ta da madubin da ke ƙara girman abu. In tsokar tana kama da tsokar mahaifa ta ainihi, lamba ɗaya ce, ciwon rarrafe yake yi. In ta fara sake kama, lamba biyu, yana tafiya. In ta rikiɗe gaba ɗaya ba a gane ta, lamba uku, wannan gudu yake yi. Mu ba mu san wanne ne ba sai takarda ta dawo, kuma likita ba ya cire mahaifar mace sai ya tabbata ciwon ne. Kin gane? Abin da na gaya miki na mataki, na yau ne. Mataki ba ya zama wuri ɗaya ya jira ki."

Na ce na gane.

"Juma'a uku. Ta huɗu kada ta same ku a gida. Kankarar da aka yi mata za ta iya tsayar da jinin, za ta ce ta warke, kowa zai ce ta warke. Ba ta warke ba. Ni zan ce mata ta dawo, amma tsofaffin nan 'to' suke ce mini su tafi. Ke za ki zaunar da ita ki gaya mata da bakinki cewa mahaifarta za a cire, in ba a cire ba abin zai kashe ta. Za ki iya?"

Na ce, "Me zai hana?" Wallahi haka na ce, har da ɗaga kai.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Kwana huɗu da komawarmu jini ya ɗauke ɗif. Juma'ar farko sai ga Inna da ƙafarta, da tasar daddawa a kai. Ta rame, amma idonta ya washe. Ta ɗauki yarinyar ta ce, "Ƙawata, ki ce a ba ni buta." Na cika buta na ajiye mata, na zaga bayan ɗaki na yi kukana. Na leƙo na gan ta a tsaye ta ta da kabbara, wata shida rabonta da salla. Ta daɗe a sujada. Wa zai je ya tsaya a kan mace a irin wannan ranar ya ce mata ba ta warke ba? Na ce a raina saura Juma'a biyu, akwai lokaci.

Juma'a ta biyu na ɗaura ɗamara. Na jira ta idar da salla, ta sha fura, na dubi yarinyar na ce, "Ki ce mata mutanen asibiti sun ce a koma mako mai zuwa."

Inna ta yi wa yarinyar wasa da kumatu ta ce, "Ki ce musu mun gode, Allah Ya saka musu da alheri. Wanda ya warke me zai je nema a gidan marasa lafiya?"

"Ki ce mata sun ce da saura."

"Ki ce musu mai ɗaki shi ya san inda ruwa yake masa yoyo. Ni ban ji yoyo ba."

Maganar tana kan harshena, ina jin nauyinta. Kalma ɗaya ce, mahaifa. Amma ta yaya zan dubi jaririya in ce ta gaya wa uwata za a cire mata wurin da na kwanta? Ni ce farkon wanda ya fito daga wurin nan, kuma don wannan ne ma ba ta duban fuskata. Shekara talatin ita da ni muna yi kamar hakan bai faru ba. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ki tambaye ta ko a ƙara mata fura."

Juma'a ta uku aka tashi da azumi. Inna ta zo da fara'arta, ta ce wa yarinyar bana za ta yi azuminta da tsarki daga farko har ƙarshe, ba za ta kai ko kwana ɗaya asibiti a ɗura mata ruwa da rana tsaka ba. In an sha ruwan salla sai a ga abin da Allah zai yi. Na ce a raina wata ɗaya ne. Ciwon da ya yi wata shida yana cikin mahaifa bai fita ba, wata ɗaya zai fitar da shi? Na manta da mai gudu. Ban manta ba, in za a bi gaskiya, zaɓa na yi wa Inna mai rarrafe, don shi ne zai bar ni in yi shiru.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na aika aka kira mini ƙanena, ya zo ya zauna a zaure. Na ce masa likita ya ce sai an yi wa Inna aiki.

Ya ce, "Aiki kuma, Yaya? Mace tana zuwa kasuwa da ƙafarta, a kai ta a farke? In ta mutu a hannunsu me zan ce wa dangi? A ina ma ciwon yake?"

Na ce, "A ciki."

"Ciki da faɗi. Ina?"

"Na ce maka a ciki!"

Ya ce in na san wani abu in faɗa, in ban sani ba a bar kaza cikin gashinta. Nan bakina ya tashi. Na ce masa rago, na ce masa wanda ya fi son gonarsa da uwarsa, na tuna masa fitsarin kwance da ya yi har ya girma. Babu zagin da ban yi masa ba, har mijina ya ajiye allura ya fito ba da haƙuri. Duk cikin ruwan maganar nan kalma ɗayar da za ta sa ya tashi tsaye ban furta ta ba, don shi ma daga wurin nan ya fito, kuma ƙanena ne. Ya kaɗe rigarsa ya tafi yana cewa zafin azumi ne yake damuna.

Aka yi ƙaramar salla. Ruwa ya sauka, aka shiga shuka, duk ƙauye babu mai ɗaga kai. Sai bayan shuka. Aka shiga noman farko. Sai bayan noma. Kowace Juma'a ina tashi da niyya, ina soya ƙuli ina maimaita maganar a bakina, har yadda zan fara na tsara: ki ce mata ta yafe mini rashin kunyar da zan yi. Inna ta zo, ta zauna, ta tafi. Wata rana na bi ta har zaure, ta tsaya tana gyara tasar a kanta, ta ba ni baya, ta daɗe a tsaye kamar mai jira. Na ce, "Allah Ya kiyaye hanya."

Na taɓa tunanin in koma birnin ni kaɗai in karɓo takardar. To in karɓo in yi yaya da ita? A lokacin ban iya karatu ba, kuma ko an karanta mini, dawowa zan yi in tarar da bakin nan nawa. Na yi tunanin in aiki wata tsohuwa ta unguwarmu ta gaya mata. Sai na ga kafin la'asar duk Wudil da Achika za su san abin da ke cikin zanen Inna, ita da ta kwashe tabarma uku don kada mutum ɗaya ya sani. Na yi ta juyawa ina neman hanyar da ba ta biyo ta bakina ba, ban samu ba.

Wajen tsakiyar damina ta fara tsallake Juma'a. In na tambayi 'yan ƙauyensu su ce bayanta ne yake ciwo, tsufa ne. Bayan babbar salla sai ga ta a kan jaki, ƙanena yana ja. Da ƙyar ta sauka. Ƙafarta ɗaya ta kumbura, ta yi baƙi, ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Na shimfiɗa tabarma, ta ƙi zama, ta ciro wani tsohon buhu daga cikin kayanta ta shimfiɗa. Akwai wani wari da turaren da ta sha bai rufe ba. Ba ta iya ɗaukar yarinyar ba, lokacin ma ta fara tsayawa da kanta. Ta kama 'yar hannunta kawai ta ce, "Ƙawata, ki ce wa mutanen gidan nan, in motar birni tana nan, a je."

Ita ce ta faɗa, ba ni ba. Na ƙirga da yatsu a cikin mota, Juma'a ta kusan ashirin ke nan.

Nas ɗin tana ganinmu ta gane mu. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta dubi ƙafar Inna, ta dubi cikinta, ta juya ta tafi. Da ta dawo da takarda a hannunta, ta ja ni baranda ta ce takardar nan ta iso tun kafin cikar mako ukun, tana nan a ajiye, duk ranar da motar Wudil ta shigo sai ta duba ƙofa.

Na ce, "Lamba nawa?"

"Uku."

Na zauna a ƙasa. Wannan karon Inna ba ta yi gardamar likita ba, ba ta da ƙarfin yi. Bai ma daɗe a kanta ba. Ya fito yana wanke hannu yana yi wa nas magana a hankali da Turanci, bai dube ni ba. Nas ta zo ta tsuguna a gabana. Ta dunƙule hannu kamar wancan karon, sannan ta ɗora ɗaya hannun a kai ta baza yatsu. Ta ce mahaifar ba ta motsi yanzu, ta manne da gefe da gefe, abin da ya kumbura ƙafar ke nan. Mataki na uku ne ya cika, kuma yana zaton ya fara taɓa mafitsara.

Na ce, "To a cire abin da zai ciru mana."

Ta ce in ya buɗe ta ba zai iya rufewa ba.

"In an ba ta magani ba ya komawa na biyu?"

"Ba ya komawa baya."

"Can kudun da aka kai kwalbar fa?"

Ta ce ko akwai wani abu a can, Inna ba za ta kai ba. Na yi ta tambaya kamar mahaukaciya. Na ce a ɗebi jinina a ƙara mata, ta ce za a iya, zai zube ne kawai ta inda wancan ya zube. Na ce to da mun zo bayan ƙaramar salla fa? Ta ce wataƙila. Na ce da mun zo bayan shuka? Ta ce, "Baiwar Allah, ni ba ni da sanin gaibu. Abin da na sani, ranar da kuka bar nan yana cikin hannu ɗaya."

Sai a lokacin na gane abin da ta yi ta ƙoƙarin cusa mini a gindin bishiya. Na riƙe ɗayan na saki ɗayan. Na ɗauki mataki kamar tsagar fuska, abin da in an yi shi ya zauna ke nan, alhali lambar da ke kwance a cikin takarda ita ce take gaya mana kwana nawa muke da su.

Muka koma bakin gadon. Nas tana gyara wa Inna matashi cikin fushi. Na san irin fushin nan, nawa ne. Ta kasa riƙewa, ta juyo a gaban Inna da sauran matan ɗakin ta ce, "Ban ce ki gaya mata ba? Ban tambaye ki ko za ki iya ba, kika ce mini me zai hana? Kin gaya mata ko ba ki gaya mata ba?"

Na buɗe baki zan ce ban faɗa ba. Sai na ji muryar Inna, fuskarta tana wajen bango.

"Ta gaya mini, 'yar nan. Kowace Juma'a sai ta faɗa, har da kuka. Ni ce na ƙi. Kada ki yi mata faɗa."

Nas ta tsaya da matashi a hannu. Ta dubi bayan Inna, ta dube ni. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Na so in yi ihu in ce ƙarya ne, ban faɗa ba, ku dake ni. Ko wannan ban iya ba, don ba a ƙaryata uwa a gaban mutane.

Suka ba mu maganin rage zafi a kwalba, muka dawo. Ban bari an kai ta Achika ba, a ɗakina ta kwanta. Ni na wanke ta, ni na juya ta, ni na wanke tsummokaran a bakin kogi tun kafin mata su fito ɗiban ruwa. Ta yi mako shida. An fara yankan gero ta cika, da hantsi, ranar Talata.

A cikin makonnin nan dangi sun yi ta zuwa dubiya, daga Achika da sauran ƙauyuka. Duk wanda ya zauna ya ce me ya sa ba a koma asibiti da wuri ba, amsa ɗaya take bayarwa: an yi ta fama da ita, ita ce ta ƙi. Ƙanena ma haka ta ce masa, ya yarda, ya zo ya ba ni haƙuri. Har yau in an tuna da ita a cikin dangi sai a ce Allah Ya jiƙanta, mace ta gari, taurin kai ne kawai ya kai ta. Ina zaune ake faɗa. Ni kaɗai na san babu wanda ya taɓa gaya mata.